Ranar da Na Raka Rabi Hoton Ciki

Ina tankaɗe a tsakar gida bayan la'asar, ƙanwata Ladi mai aikin jinya a Wudil ta yi sallama. Da muka gama gaisawa ta rage murya ta ce, "Yaya, Rabi na da shigar ciki, wata uku ke nan." Na ajiye rariyar. Shekara biyu ke nan da jijjigar masu ciki ta raba ni da 'yar farina a kan cikin fari, ita da abin da ke cikinta. Rabi ce mai bi mata.

Ladi ta ce a Kano akwai hoton da ba jariri kaɗai yake dubawa ba, har hanyoyin da jini ke bi zuwa mahaifa, a gane da wuri ko hawan jinin masu ciki yana tafe. Na ce to ta raka ta, uwa ba ta shiga maganar cikin 'yarta. Ta ce, "Za su tambayi yadda marigayiya ta yi. Ke kike wurin, ba ni ba."

Kausani zuwa Wudil

Mijin Rabi ya amince. Talata, ana idar da sallar asuba, muka hau adaidaita sahu mu biyu. Har muka isa tasha Rabi ba ta ɗago kai ba, ni ma gonakin dawa nake kallo. Na sayi koko da ƙosai, ƙamshin kawai ta ji ta kau da fuska.

Wudil zuwa Kano

Wajen ƙarfe bakwai bas ta cika, muka haye gada masunta suna fitowa daga ruwa. Direba ya hango Rabi ta madubi tana tsotsar lemon tsami.

"Inna, in miƙo leda ne ko in tsaya?"

"Kai dai dubi titi, ɗan nan."

"Ai shi ke nan, Allah ya raba lafiya!"

Mota ta ɗauki dariya, Rabi ta ja hijabi ta rufe fuska. An ɗan tsayar da mu a shingen Gano, Mariri kuma da cunkoso, amma kafin hantsi ya yi nisa muna kan bencin asibiti.

Ɗakin hoto

Likitar ba ta wuce sa'ar 'yar farina ba. Ta rusuna ta gaishe ni, ta auna jinin Rabi a hannu biyu, sannan ta tambaya ko an taɓa irin wannan ciwo a gidanmu. Na ce yayarta.

"Mama, mene ne sunanta?"

Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunan ba, haka muka taso. Na ce, "Hauwa'u." Daga nan na faɗi sauran: ƙafa da fuska suka kumbura, ana cewa ciki ya karɓe ta, sai ciwon kai, sai gani dishi-dishi. Likitar ba ta katse ni ba, ba ta kuma ce me ya hana ku zuwa ba. Ta ce, "Allah ya jiƙan Hauwa'u."

Ta shafa wani mai mai sanyi a marar Rabi, ta ɗora na'urar. Wata ƙara ta cika ɗakin, kamar ana fifita wuta da mafici.

"Wannan ba zuciyar jariri ba ce, jinin Rabi ne yake wucewa."

Ta saurari dama, ta saurari hagu, ta sake komawa, babu gaggawa. Ta ce jinin yana wucewa da ƙyar fiye da yadda take so. "Ban ce ciwon ya zo ba, Mama, hoto bai san gaibu ba. Amma in aka haɗa da labarin yayarta, Rabi tana cikin waɗanda za mu sa wa ido." Ta rubuta wata 'yar ƙwaya da za ta riƙa sha kullum kafin barci, ta ce awo a Wudil kada a fasa, in kai ya sara ko ido ya dushe kada a jira gari ya waye.

Na yi ta mamakin wannan ilimi. Abin da ya zo mana babu sallama, ashe ana iya jin takunsa tun daga nesa.

Komawa gida

A kan gadar Wudil Rabi ta ce a hankali, "Inna, yau na fara jin sunan Yaya a bakinki." Na kama hannunta. Muka isa Kausani kafin magariba.

Na gode wa Allah, na gode wa Ladi da wannan likita. Rabi tana shan ƙwayarta, ni nake kai ta awo da kaina. Haihuwa saura wata shida.