Fiyanon Malam Sabo

Ina gonar shinkafata a Bunkure da hantsi, na buɗe wa fangali ruwa kenan, aka kira ni a waya aka ce Malam Sabo mai situdiyo ya rasu a Kura. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na bar ruwan yana ta kwarara, ban tuna da shi ba sai bayan an dawo daga maƙabarta.

A hannunsa na koyi haɗa kiɗa, ni da Habu, abokin koyona. Mutum ne marar hayaniya. Idan ka yi kuskure ba ya faɗa, sai ya rage sauti ya ce, "Sake ji. Kunnenka ya riga ya sani, hannunka ne bai yarda ba."

Ba na manta ranar da muka raka shi Kano sayen fiyano. Mai shago ya jawo wani dogo mai walƙiya, cike da kiɗan biki, danna ɗaya rawa ta tashi. Mu har mun fara murna. Malam ya wuce shi, ya tsaya kan wani gajere mai ƙura, wanda ake ɗaukar sauti a zuba masa, a murɗa, a sarrafa yadda ake so. Ya ce, "Wancan surutu ya iya. Ni mai saurare nake nema."

Shekaru ya yi yana ciyar da na'urar nan. Ya zuba mata ƙarar injin ban ruwa, da bugun shinkafa a jikin durom, da kukan kwaɗin kanal. Amma abin da ya fi ji da shi gangar noma ce ta Baba Nomau, wani tsoho Bamaguje da ke bayan Garun Mallam, wanda shi kaɗai ya rage a yankinmu da ya san kiɗan gayya na dā. Sau uku tsohon yana korar mu. A na huɗu Malam ya ɗauki fartanya ya taya shi noma har azahar, sannan ya yarda. Habu ne ya riƙe makirfo ranar. Baba Nomau bai ƙara damina ba.

Ranar sadakar uku na buɗe situdiyo, na tarar da teburin fiyanon wayam. Na sami Habu a ƙofar gidan Malam yana karɓar gaisuwa.

Na ce, "Habu, ina fiyanon Malam?"

Ya ce, "Na kai Kano. Iyali suna da buƙata."

Na shiga wurin mai ɗakin Malam, Inna Hauwa, tana cikin takaba. Ta ce, "Ɗana, ni ba wanda ya tambaye ni."

Washegari na bi sawu har shagon da Habu ya sayar da fiyanon. Na same shi, na kunna, na danna inda gangar take. Kiɗan biki irin na kamfani ya tashi. Na danna wurin injin ban ruwa, shi ma haka. Mai shagon ya ce ai wanda ya kawo ne ya goge komai da hannunsa, wai kada tarkacen ƙauye ya karya masa daraja.

Tarkacen ƙauye. Daga bakin wanda ya durƙusa gaban Baba Nomau da makirfo. Wallahi mutuwar Malam ta girgiza ni, amma a shagon nan na yi kuka. Da baƙo ne ya yi, da na ce bai sani ba. Habu ya san babu wani wuri a duniya da sautin nan yake. Ni ma ina da nawa laifin, don kullum cewa nake gobe zan kwafa.

Malam ya sha gaya mana mu riƙa yafe wa juna. Na gwada, Malam, har yau bakina ya ƙi.

Allah Ya jiƙan Malam Sabo, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Inna Hauwa da 'ya'yansa haƙuri, Ya tsare musu abin da ya rage daga hannun makusanta. Amin.