Ranar da Na Share Wasan Malam Habu

Ban taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kusa korar kaina daga aiki ba. Lokacin ba a daɗe da fara kashe Naira ba, ina shara da kai shayi a wani kulob na ma'aikatan gwamnati wajen Unguwar Sarki. Ko sunana ban iya rubutawa ba, dangwale nake yi.

Ran nan ana gasar ces, darar Turawa ke nan, mai sarki da dawaki da sojoji. Wanda aka ci ya fita. Malam Habu, ƙaramin akawu, ya haɗu da Alhaji Tanko, babba a ma'aikatarsu. Aka kira azahar, suka bar wasan a tsakiya. Ni kuwa na ga tebur duk ɓawon gyaɗa. Na kwashe 'ya'yan, na goge, na jera su tsaf yadda ake yi da safe, har ina jiran yabo.

Sakataren kulob ya dawo, ya dubi allon, ya dube ni. "Kande, ajiye tsintsiyar ki tafi gida, kin gama. Su kuma sai su sake daga farko."

Marayu huɗu nake ci da su.

Malam Habu ya zaro takarda daga aljihu. "Ranka ya daɗe, in wasan ya koma yadda yake, ai ba ta yi ɓarna ba ko? Na rubuta kowane taku."

Sakatare ya ce to, bari ya gani. Alhaji dai bai rubuta komai ba.

Malam Habu ya dinga karantawa yana turawa: sojan gaban sarki, sai doki, haka dai. A taku na bakwai ya ɗauke dokinsa da hannunsa ya ajiye gefe. Ashe tun a buɗin wasa ya faɗa tarko.

Alhaji ya yi dariya. "Habu, an ba ka sabon wasa a ɓagas, ka ƙi?"

"Dokin ya riga ya mutu, ranka ya daɗe. Kar ya tafi da Iya Kande."

Kafin la'asar aka fitar da Malam Habu daga gasar. Ni kuwa a kulob ɗin na tsufa.

Ku masu shara, ku riƙa tambaya kafin ku taɓa. Abin da kuke gani barkatai, aikin wani ne. Ranar na ga takarda ta dawo da abin da hannuna ya share, shi ya sa da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci. Bayan sunana, na Malam Habu na fara rubutawa. Allah Ya saka masa.