Saiwar haƙorin Nana ta rufe

Likita ya juyo min da hoton haƙorin jikata Nana, ya ce, "Hajiya, matso ki gani."

Wata takwas ke nan muna zuwa Funtua daga Maska saboda wannan haƙori na gaba. Faɗuwa ta yi a bakin rijiya, ya karye, daga baya ya yi baƙi, har ta koma rufe baki da hijabi in za ta yi magana. A gida kowa cewa yake a cire, wani zai fito, a dai hana ƙadangare ganin giɓin. Ashe ta riga ta yi famfara. In aka cire wannan, babu wani.

Ranar farko likitan ya nuna min a hoto ƙarshen saiwar haƙorin a buɗe, kamar rumbun da ba a gama ba. Ya ce haƙori kan fito kafin saiwarsa ta gama ginuwa, nata kuma ya mutu ana tsakiyar aiki. Ya wanke cikinsa, ya cusa wani farin magani, in mun dawo ya sabunta.

Yau sai na ga wurin ya haɗe.

Na ce, "Likita, da me ka liƙe shi?"

Ya yi dariya. "Wallahi Hajiya, ba ni na liƙe ba. Magani kawai na sa, jikinta ne ya yi ginin. Yanzu zan cike, haƙori ya tsira."

Subhanallah. Yarinya tana wasanta, tana barcinta, ana gini a bakinta, ba wanda ya ji motsi.

Muka fito tana washe baki.

Don Allah, ku kun san haƙori na fitowa bai gama ginuwa ba? Ni kam sai da na yi jika na sani.