Ranar da Motar Yaya Ta Sha Ruwa a Hanyar Wasan Ƙarshe

Ko da tsufa zai sa in manta fuskokin abokan wasana, ba na jin zai iya goge mini ranar wasanmu na ƙarshe a Tudun Wada, ranar da saura kaɗan a buga wasa ni mai tsaron gida ina tsaye a tsakiyar rafi.

A lokacin ni ne golan ƙungiyar unguwarmu a Yako. Ba wata babbar ƙungiya ba ce, yawancinmu da safe muna gona, da yamma muna fili. Amma a wannan daminar Allah ya dafa mana, muka yi ta cin wasa a gasar matasa har muka kai wasan ƙarshe, aka sa shi bayan la'asar. Gari ya ɗauka. Har iyayenmu mata da ba ruwansu da ƙwallo tambaya suke yi yaushe za a kawo kofi.

Mai kula da ƙungiyar ɗan wan babana ne, dukkanmu Yaya muke ce masa. Taki da maganin feshi yake sayarwa, kuma bayan ƙwallo ba abin da yake so kamar wata 'yar jar motarsa. Kullum cikin yi mata kwalliya yake. Ana saura 'yan makonni wasan ya kai ta Kano, aka cire akwatin matatar iska da ta zo da shi daga kamfani, wanda yake can sama a cikin bonet, aka sa mata wani dogon bututu mai sheƙi da matata kamar mazurari a bakinsa. Bututun ya gangara har ƙasa, bayan bamba, dab da tayar gaba. Yaya ya ce a nan iska ta fi sanyi, injin kuwa in ya shaƙi iska mai sanyi ya fi ƙarfi. Ban sani ba ko ƙarfin ya ƙaru, amma ƙara kam ta ƙaru. In ya taka totur sai ta yi wani gurnani mai daɗi, kowa a bakin titi sai ya waiwayo. Ni dai wannan gurnanin ya tafi da ni.

Shi ya sa ranar wasan, da 'yan wasa suka cika bas kafin azahar, na ce ni motar Yaya zan bi. Za mu biya wajen tela mu karɓi sababbin rigunan da aka ɗinka wa lamba, sannan mu tarar da su. Muna shagon tela hadari ya haɗo, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Muka fake muna hira, Yaya yana ce mini kada in damu, motarsa ba ta san nisa ba. Da ruwan ya tsagaita muka zuba riguna a buhu, muka kama hanya muna waƙar ƙungiya, ina buga jikin motar ta ciki kamar ganga.

Kafin mu kai Kwanar Dangora akwai wani kwari da rafi ke haye hanya in an yi ruwa mai yawa. Muka tarar ya kawo, ja wur, mutane sun taru gefe da gefe. 'Yan acaɓa suna tura baburansu, ruwan bai kai musu gwiwa ba. A gabanmu wata tsohuwar motar haya, cike da buhunan masara, ta shiga a hankali ta fita lafiya lau. Yaya ya dube ni ya yi dariya, ya ce in wannan gwangwanin ya wuce, ai tasa ko tsayawa ba za ta yi ba. Ni ma haka na gani. Abin da bai zo mana a rai ba shi ne, waccan tsohuwar hancinta a sama yake, tamu kuwa an saukar mata da shi ƙasa.

Ya sa giya, ya ba ta wuta don masu kallo su ji muryarta. Ruwa ya tashi fal a gaban bamba, samari suka fara tafi. Muna kaiwa tsakiya gurnanin ya canza, ta yi wani tari kamar wanda ya ƙware, ta girgiza, ta mutu. Shiru, sai ƙarar ruwa a jikin ƙofa. Yaya ya murza makulli. Muka ji wani ƙwas daga cikin injin, irin ƙarar da ko ba ka san mota ba ka san ba lafiya.

Direban motar hayar nan, wani dattijo mai furfura, ya riga ya tsaya a ɗaya gefen. Ya shigo ruwan da sauri yana ɗaga hannu.

“Ɗana, cire hannunka daga makullin nan. Ta sha ruwa. In ka ƙara murzawa sai dai ka sayi wani injin.”

Yaya ya ce, “Baba, ai ruwan bai kai bonet ba.”

Dattijon ya sa aka buɗe bonet, ya bi bututun nan mai sheƙi da ido har inda ya nutse, sai kawai ya girgiza kai ya ce Allah ya sawwaƙe.

Ruwa ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa. Na fito na ɗora buhun riguna a ka, na rataye takalmana a wuya. A daidai nan kyaftin ɗinmu ya kira waya, ya ce fili ya cika maƙil, alƙalin wasa ya ce in an idar da la'asar ba mu fito da kayan wasa ba zai ba wa abokan karawarmu kofi. Ba mu da wani gola sai ni.

Wani manomi da ke dawowa da shanun huɗarsa ya ga halin da ake ciki. Ba wanda ya roƙe shi, ya kwance igiya ya ɗaura a motar, samari suka kama ta baya. Ana kora shanu ana kabbara ana dariya, har aka fito da ita tudu, ruwa yana zuba daga ko'ina. Na tsaya ina duban Yaya, na rasa yadda zan yi in tafi in bar shi. Shi ya tsayar da ɗan acaɓa da kansa, ya tura ni kan babur.

“Tafi. Mota ta riga ta mutu, kada kofin ma ya mutu.”

Ban taɓa yin tafiya irin wannan ba. Ɗan acaɓan da ya ji labari sai ya ɗauki abin kamar ƙungiyarsa ce. Muka faɗa kwalta a Kwanar Dangora, ya kwanta a kan babur, iska tana busar mini da wando, ina rungume da buhu ina addu'a ina dariya lokaci guda. Muna shiga Tudun Wada ana sallame salla. Da mutanenmu suka hango buhu a kaina sai fili ya kaure da ihu, aka ɗauke ni caɗak daga kan babur. A bakin fili na yi sallata da taɓo a ƙafar wando, na sa riga na shiga raga.

Wasan ya yi zafi, aka tashi ɗaya da ɗaya, aka tafi bugun fenariti. Da aka zo bugun ƙarshe na faɗa hagu, ƙwallo ta bugi tafin hannuna ta fita. Ban san lokacin da aka danne ni a ƙasa ba. Sai daga baya na ji cewa wani abokinmu ya kira Yaya ya bar wayar a buɗe, shi kuwa yana zaune a kan matacciyar motarsa a bakin rafi, mutanen ƙauyen sun kewaye shi suna saurare. An ce da ya ji ihun, tsalle ya yi ya rungume mai shanu.

Washegari aka jawo motar gareji. Bakanike ya kwance filogi, aka juya injin, ruwa ya yi tsiri daga ramukan filogin ya jiƙa mu duka, muka yi ta dariya. Da aka buɗe injin dariyar ta tsaya, don ƙarfen da ke riƙe fistin guda, abin nan da ke hawa yana sauka a cikin injin, ya lanƙwashe. Bakaniken ya ce iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa, in fistin ya taso ya tarar da shi dole wani abu ya ba da kai. Motar ta daɗe a kwance kafin ta tashi, kuma Yaya da bakinsa ya ce a mayar mata da akwatinta na asali.

Yanzu ni ma ina da mota, kuma wannan rana ta koya mini abin da ban saki ba. Kafin in canza wa abu yadda aka yi shi, sai na tambayi dalilin da ya sa aka yi shi haka, sannan in tuna irin hanyoyin da nake bi, ba irin waɗanda nake gani a waya ba. In na zo bakin ruwa da damina kuma, ba na duba wanda ya wuce a gabana. Fitowa nake yi in duba inda tawa motar take shan iska.