Gyare a Kunne, Ni a Rumbu

Wawan labarin nan ni ne, gara in faɗa da bakina kafin maƙwabta su riga ni.

Shekarun da na yi ina tsaron injin niƙa a Tudun Wada su suka bar mini gyare a kunne, tsiiii, ba hutu. Na ɗiga man shanu, na sha rubutu, gyare ko gezau. Da na fara gwara kai da bango, mai ɗakina ta sayar da akuyarta ta kai ni asibiti a Kano.

Likita ya leƙa, ya ce babu ƙwaro, babu kuma allurar da za ta yi. "Baba, mutanen Tiga suna jin ƙugin ruwan dam?"

Na ce sai dai baƙo.

"To, haka za ka zama. Ka murɗa rediyo inda babu tasha, shuuu ɗin nan, ƙasa-ƙasa. Ka daina kasa wa ƙarar kunne. A hankali za ku saba."

Ni da na yi aji huɗu, nan take na gano kimiyyar. Na nuna matata da haɓa. "Likita, ai ni tsohon hannu ne. Wannan tun tana amarya take magana, ban taɓa ji ba."

Ma'aikata suka kwashe da dariya. Ita kuwa ta ja mayafi.

Rediyo ɗaya ne a gidan, nata, shi ke ɗebe mata kewa tunda 'ya'ya suka watse. Na ƙwace, na mai da shi gidan shuuu. Barkwancin kuma na yi ta yawo da shi, kasuwa, majalisa, har wurin suna a Dangora, gaban danginta.

Magani ya ci. Gyaren yana nan, amma sai na neme shi nake ji.

Da bazara na shiga rumbu ɗebo dawa, tsani ya zame ya faɗi. Dawar ta yi ƙasa, bakin rumbun ya fi ƙarfin tsallena. Tun hantsi nake ƙwala mata kira, ina jin lugudenta a tsakar gida, har aka kira azahar, maƙoshi ya bushe, ƙaiƙayi ya cinye ni. Maƙwabci ne ya jawo ni, yana dariya har da hawaye.

Na tsaya a kan matata fari fat da ƙura. "Ke! Duk ihun nan ba ki ji ba?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, tare muka ga likitan. Kowa ya yi maganin gyarensa."