Gashin Yaranmu da Idon Dokta

A farkon shekarun 1980 ni matar aure ce mai 'ya ɗaya, muna haya a unguwar Television, maigidana yana aikin masaƙa a Kakuri. Na gama sakandare, amma iyakar duniyata gida, kasuwa da taron matan zumunta a coci. Ko kaza ba na iya tsayawa a yanka a gabana.

Famfon gidanmu sai ya ga dama yake kawo ruwa, don haka kowace ƙofa da gangarta. Mazajenmu ke samo su daga masaƙa, gangunan da aka juye sinadaran rini daga cikinsu. A wanke da toka da sabulu, a shanya, shi ke nan an samu wurin tara ruwan sha. Wadda ba ta da ganga har gori ake yi mata cewa mijinta bai iya nema ba. Ana haka yaran gidan, har da tawa 'yar, suka fara lalacewa: ƙuraje, zawo, tarin da ba ya ƙarewa, mura kaɗan ta kwantar da yaro.

Akwai wani ɗan cocinmu mai aikin bincike a ɗakin gwaje-gwaje, muna ce masa Dokta duk da ya sha gaya mana shi ba ya duba marasa lafiya. Shi ya zo ya roƙi ruwan kowace ganga, da ɗan gashi, farce da ɗigon jinin yaran. Da na tambaye shi dalili, ya ce akwai gubar da ba ta kisa nan take, sai ta bi a hankali ta karya garkuwar jiki, ƙaramar cuta ta zo ta ƙarasa. Kuma gashi da farce suna riƙe alamarta. Na yarda, wasu matan ma suka yarda. Kuskurensa ɗaya, da rana ya zo, mazan suna wajen aiki. A wajenmu kuwa gashi da farcen yaro binnewa ake yi, ba a ba kowa.

Bayan 'yan makonni ƙyanda ta ɗauke ɗan maƙwabciyata. Wajen wankan gawa kakarsa da ta zo daga ƙauye ta ga inda aka yanki gashi a ƙeyarsa, ta tsare uwar har ta faɗi wanda ya yanka. Muna dawowa daga maƙabarta sai ga Dokta a kan babur, ya kawo mana sakamako. Bai ko sauka ba uban yaron ya maka masa taɓarya a kafaɗa. Ya faɗi, aka rufar masa da itacen girki, duwatsu da bel, ana cewa ya fito da gashin da ya kai wa matsafa. Matan da muke waƙa tare a coci ne ke miƙo duwatsun. Na ji ƙarar karyewar hannunsa, na ga jini yana bin kwata, wani kuma yana gangaro taya, ana neman kananzir. Ban san sanda na faɗa kan Dokta na kāre shi ba, ina ihu cewa ni ma na ba da gashin 'yata, ga ta nan a raye. Dutsen da ya zubar mini da haƙoran gaba Dokta aka nufa da shi. Wani makanike Ibo ne ya kutsa da motarsa cikin taron, shi da wani tsohon soja suka jefa mu ciki.

Dokta ya rayu, amma idonsa na dama ya tafi. Da na shiga duba shi a asibiti, bai tambayi wanda ya doke shi ba. Ya kira ni Maman Bebi, ya ce gubar tana cikin ganguna, in yi wa Allah kada 'yata ta ƙara shan ruwan. Ina komawa gida na huda tawa da ƙusa. 'Yata ta murmure. Ba a jima ba na ga uban mamacin yana gangara tasa gangar zuwa bola, bai kalli kowa ba. Dokta kuwa ya bar garin, babu wanda ya je ya ba shi haƙuri.

'Yan'uwana mata, mazubin da ya taɓa ɗaukar sinadari ba ya zama na ruwan sha, komai wanki. Masu bincike, ku nemi iyaye maza da dattawa kafin ku taɓa gashin yaro. Mu kuma, in baƙin ciki ya sa mana dutse a hannu, mu tsaya mu ji abin da mutum ya zo da shi. Mu sai da muka fasa masa ido sannan muka saurare shi.