Katangar da Muka Daina Yaɓewa

Jiya ƙanwata da ke aure a Rurum ta bugo waya, ta ce katangar gabas ta gidanmu ta faɗi a ruwan ranar Talata. Ina ajiye wayar sai Baffa ya faɗo mini a rai, yayan mahaifinmu da ya riƙe mu.

Kowace bazara, kafin ruwan farko, da kansa yake kwaɓa jar ƙasa da ciyawa ya yaɓe katangar nan. Wata shekara na dawo hutun makaranta na same shi yana tattaka kwaɓin, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gidan. Na dinga zuba masa abin da aka koya mana, cewa daular Rumawa ta rushe ne ranar da abokan gaba suka shiga birninta.

Ya share gumi ya ce, "Wannan ai ranar da aka ji ƙarar faɗuwar ce, ɗana. Ka tambayi malaminku shekarar da suka daina yaɓe, kowa yana jiran wani ya yi."

A lokacin dariya na yi.

Tun rasuwarsa muka watse, gidan ba kowa. Duk bazara mukan ce wa juna a waya, "Ya kamata a yaɓe katangar Baffa." Ba wanda ya taɓa zuwa.

Yau na je ni kaɗai. A cikin ɓaraguzan na tsinci wani ɓalli, sawun yatsunsa huɗu na nan a jiki.

Allah ya jiƙanka, Baffa, ya haskaka kabarinka. Mu kuma ya haɗa kanmu tun katangar yamma tana tsaye.